Goyon Kanwa a Filin Jirgi

Ni mace ce mai jiki. Tun ina budurwa a gonakin auduga na Jazira a ƙasar Sudan haka nake, uwata ma haka take, kuma ban taɓa jin kunyar abin ba. A nan Mayo, unguwarmu ta Khartum, in na shiga hafila, wato bas, kumsari mai karɓar kuɗin mota ya kan dube ni ya dubi kujera, ya ce wa na gefe ya matsa, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa tambayata nauyina. Wa ke tambayar mace nauyinta? Auduga ake aunawa, da dawa, da gawayi.

Farkon mulkin soja ne, lokacin da sukari sai da katin rabo, in dare ya yi kuma kowa ya shige gidansa. Autata tana aure can kudu da Damazin, a wata babbar gonar riɗi da dawa ta wani kamfani, mijinta direban tarakta ne. Ta haihu a tsakiyar damina, haihuwar fari. Labari ya zo ta rediyon kamfanin zuwa ofishinsu na Khartum, daga nan aka nemo babban ɗana aka gaya masa: an sami namiji, amma zazzaɓi ya kama uwar, ba ta cin abinci, nono bai zo ba. Ba mace tata ko ɗaya a wurin. Hanya kuwa ba a maganarta. Baƙar ƙasar can in ta sha ruwa, lori kan nutse har ciki, mutane su zauna a gefensa suna cin busasshiyar gurasa har Allah ya kawo rana.

Kamfanin na da ƙaramin jirgi da ke kai musu kayan gyara da magani. Surukina ya roƙi manajansu, aka ce an ba ni kujera ɗaya, in zo da sassafe.

Na haye kogi zuwa kasuwar Umdurman na yi sayayya kamar yadda kowace uwa za ta yi. Na sayi dunƙulen kanwa babba, don mai jego ba ta tashi sai da kunun kanwa. Na sayi hulba saboda nono, da itacen hayaƙi, da man riɗi. Kafin in dawo gida labari ya zagaya unguwa. Wannan ta kawo dabino, waccan garin gero, wata yajin jego, wata sabulu da zannuwa. Wata tsohuwa ta kawo sukarinta na kati gaba ɗaya, ta ce ita ta saba shan shayi haka nan. Saƙon mai jego ba a mayar da shi. In kin ce wa mace ba wuri, kin ce mata ba ta isa ba ke nan, za ku mutu ba ta manta ba.

Ɗana ya ce ofis sun ce jaka ɗaya ƙarama.

Maƙwabciyata mai sayar da shayi a bakin kasuwar Sahafa ta taɓa zuwa Umra a jirgi, don haka ita ce malamar jirgi ta duk layinmu. Ta dubi tulin kayan ta ce, "Yaya, kada ki damu. Jaka suke aunawa. Mutum ba ruwansu da shi. Abin da ke jikinki naki ne."

"Kin tabbata?"

"Ni da na shiga? Wata 'yar Kosti a gabana ta wuce da tukunya a ƙarƙashin mayafinta na tob, ko kallonta ba su yi ba."

Bayan sallar asuba mata suka taru suka shirya ni kamar amarya. Sukari aka ɗura a dogon ƙyalle aka naɗa mini a ƙugu. Dabino da garin gero a gefe da gefe. Zannuwan na ɗaura su duka, ɗaya kan ɗaya. Galan ɗin man riɗi aka rataya mini a hammata. Kanwar ce ta ƙi zama ko'ina, sai maƙwabciyata ta naɗe ta a tawul ta ɗora mini a baya, ta kawo majanyi ta ɗaure, ta sa mata 'yar hular jariri a sama. Aka lulluɓa tob a kai. Muna ta dariya. Ni ma na yi, karo na farko tun da labarin yarinyar ya zo.

Ɗana ya shigo ya tsaya. Yumma yake ce mini, wato uwa.

"Yumma, me ya same ki? Kin kumbura."

"Sanyi nake ji. Ɗauki jaka mu tafi."

Ya ga goyon, ya buɗe baki, na harare shi ya rufe. Ya ɗauka ɗan maƙwabta ne za a raka mu da shi, ko me ya ɗauka oho.

Ba ta babbar ƙofar filin jirgi muka shiga ba, ta wata ƙarama ce a gefe. Sojan ƙofa ya duba takardar ɗana, ya dubi bayana ya ce Allah ya raya, na ce amin. Muka isa wata rumfar kwano. Na tambayi ɗana ina jirgin, ya nuna mini wani abu a gabanmu.

Na ce, "Wannan ai ɗan jirgi ne. Ina uwarsa?"

Ko hafilar Mayo bai kai ba. Kamar ƙaramar motar boksi ce aka liƙa wa fukafukai, da fanka ɗaya a hanci. Wani ma'aikaci ya jingina da shi, na ga jirgin ya motsa. 

Mutum uku ne a rumfar: magatakarda mai biro a kunne, da wani injiniya siriri da zai tafi tare da ni, da matuƙin, wanda suke kira Kabtin. Bai wuce sa'ar ɗana ba. Ya fito yana goge hannu, ya gaishe ni da kyau, ya dubi bayana kamar yana neman wani.

"Ina tsohuwar?"

Ɗana ya ce, "Ga ta."

Kabtin ya dube ni daga sama har ƙasa, ba da raini ba, kamar yadda mai jaki ke duban kaya. Ya ce, "Na tambayi surukinki ta rediyo yaya girmanki. Ya ce mini 'yar tsohuwa ce, iska ma ta ɗauke ta."

Me zan ce? Yaron nan tun da ya auri 'yata bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. In ya hango ni tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa yana kallon ƙasa. Ƙafafuna kawai ya sani. Ko da ya sani ma, ta yaya zai kama rediyo a gaban maza ya ce surukarsa ƙatuwa ce? Gara masa tarakta ta taka shi.

"Kuma ba wanda ya ce mini da jariri," in ji Kabtin.



A gefen rumfar akwai mizani na ƙarfe, irin wanda ake ɗora buhunan dawa a kasuwa. Na ga an ɗora jakata, na ce to, maƙwabciyata ta yi gaskiya. Aka ɗora kwalin magani. Sai injiniyan nan, mutum da gilashinsa da agogonsa, ya taka ya hau mizanin da kansa, ba wanda ya ce masa, ya tsaya ƙiƙam, magatakarda yana tura ƙarfen awo yana rubutawa. Na kama hannun ɗana.

"Me ya yi?"

"Ba abin da ya yi, Yumma."

Injiniya ya sauka. Magatakarda ya dube ni ya ce, "Bisimilla, ya Hajja."

Na juya in ga wace hajja yake nufi a bayana. Ba kowa.

Na ce, "Ni? Ni na yi shekaru ina ɗora auduga a kan mizani, yau ni za a ɗora? Sayar da ni za ku yi?"

"Kowa sai ya hau, Hajja."

"Uwarka ta hau?"

Ɗana ya ce, "Yumma, don Allah."

Na zauna a kan benci na ce ba inda za ni. In jirgin ba zai iya ɗaukar mace ɗaya ba, su faɗa, su daina kiransa jirgi. Kabtin ya zo ya tsuguna a gabana. Wannan ya ɗan sanyaya ni, don mai tarbiyya ne.

Ya ce, "Ya walida, uwata, kin taɓa ganin karo, amalanken jaki, da aka loda wa kaya a baya, har jakin ya tashi sama yana harbin iska?"

"Na gani. A kasuwar Suk Sitta."

"To haka jirgina yake. In nauyi ya yi yawa ba zai bar ƙasa ba. In kuma nauyin ya koma baya, hancinsa zai ɗaga sama ya ƙi saukowa, sai mu faɗo. A sama ba inda za a tsaya a sauke buhu. Sai na san nauyin kowa, sannan in san inda zan zaunar da shi. Doka ta hana ni tashi ban sani ba, ko da doka ba ta hana ba ni ina da 'ya'ya."

"Babban jirgi ba a auna mutane."

"Babban jirgi ba ya jin ki. Wannan yana ji."

Ya nuna rana, ta fara hawa kan kwanon rumfar. Ya ce iska in ta yi zafi ba ta riƙe jirgi kamar ta safe, duk zaman da nake yi ƙarfin jirginsa raguwa yake. In rana ta take sai dai a fasa, kuma bai san ranar da zai sake zuwa ba, sai yadda ruwa ya bari.

Na tuna yarinyar kwance, jariri na kuka a gefenta. Na tashi na hau.

Ƙarfen ya yi ƙara a ƙarƙashina. Magatakarda ya tura awon, ya sake turawa, ya sake. Ya cire biro daga kunne ya mayar. A lokacin ban iya karatu ba, lambobin nan zane ne kawai a idona, amma fuska na iya karantawa. Ya kira Kabtin da ido.

Kabtin ya zo ya duba. Ya ce, "A sauke yaron, a auna shi daban."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ɗana ya zo bayana ya ɗaga gefen tob, ya sa hannu zai ɗauki yaro. Na ji hannunsa ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa.

"Yumma, wannan wane irin yaro ne?"

Hular ta faɗo ƙasa.

Injiniya ya fashe da dariya har ya cire gilashi. Magatakarda ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Kabtin bai yi dariya ba. Na ga fuskarsa ta canza, kamar wanda ya taka wani abu a ciyawa ya duba ya ga maciji.

Ya ce a hankali, "Saura me a jikinki?"

"Saƙon mutane ne."

"Da ban auna ki ba, ina za ki zauna?"

"A can baya mana, nesa da maza."

Ya kama kansa. Sannan ya miƙa hannu ya nuna ƙarshen titin jirgin, inda gidaje suka fara. Ya ce, "Can za a tsince mu. Mu da mutanen da ke shan shayinsu a tsakar gida."

 Ni na ɗauka abin kuɗin kaya ne ake gudu, irin wayon da kowa ke yi wa direban lori. Ban san kanwa na iya kashe mutum ba tare da ya sha ta ba.

Suka ba ni ɗakin magatakarda na rufe ƙofa. Ina kwancewa ina miƙa wa ɗana ta taga. Sukari, dabino, gari, galan, zane bayan zane. Ya tara su a gindin rumfa, tulin ya kai gwiwarsa. Ina jin injiniya yana cewa, "Har yanzu da saura? Hajja, ba akuya a ciki?"

Na ce ta taga, "Da akwai da na ba ka ka ci, ko ka yi kumari."

Na fito da riga da zane ɗaya da tob, iska na shiga jikina ta ko'ina. Na sake hawa, wannan karon ba wanda ya roƙe ni. Kabtin ya ɗauki biro ya yi lissafinsa a kan fiffiken jirgin. Ya daɗe. Ya ɗago ya ce har yanzu na fi abin da ya tanadar wa 'yar tsohuwa, nesa ba kusa ba.

A cikin jirgin akwai wani ƙaton ƙarfen tarakta da aka ɗaure da igiya, shi ne ma dalilin tafiyar. Kabtin ya ce ni da ƙarfen da injiniya ba za mu tafi tare ba, dole ɗaya ya zauna.

Injiniya ya ce, "Rage mai."

"Ba zan rage ba. In na tarar filin can ya jiƙe, da me zan juyo?"

"To ƙarfen nan manaja ke jira. Taraktoci na tsaye, ciyawa na cin gona."

Na ce, "Ƙarfen zazzaɓi yake yi?"

 Ɗana ya sunkuyar da kai. Rana ta riga ta shigo rumfar har kan mizani. Na dubi Kabtin na ce masa 'yata ce, autata, ba ta san komai ba, ko wanka ba ta san yadda ake yi wa jariri ba. Ban yi kuka ba. Ba na kuka a gaban maza.

Injiniya ya dubi agogonsa, ya yi tsaki, ya ja jakarsa daga cikin kayan. Ya ce a tafi da ƙarfen, makanikin gona ya iya ɗaura shi, shi zai biyo wani jirgin. Har yau ban sani ba ko tausayi ne ko gudun sauron can ne, don na ga yana tafiya da sauri kamar wanda aka sallama daga makaranta. Ko ma mene ne, Allah ya saka masa.

Na ɗauka an gama. Ashe da saura.

Kabtin ya sa aka matso da ƙarfen gaba aka sake ɗaurewa. Ya ce in gwada kujerar gaba kusa da shi. Na shiga da ƙyar, ɗana na turawa. Ya jawo sitiyarin jirgin baya, na gabana ma ya biyo, ya zo ya tokare ni a ciki. Ya ce a'a, wannan ba zai yiwu ba, sai abin ya zo har ƙarshe ba abin da ya tare shi. Na fita na koma kujerar da ke bayansa, daidai fiffike. Ya ce in fita in sake shiga ni kaɗai ba mai taimako, ya ga ko ƙofar za ta fitar da ni in wani abu ya faru. Na fita, na shiga. Ma'aikatan rumfar maƙwabta duk sun fito suna kallo. Na ce musu in sun gama su biya kuɗin kallo.

Sai ɗamarar kujera ta ƙi kaiwa. Ya ja, na shanye ciki, saura kamar tafin hannu.

Na ce, "Ga majanyina, ka ƙulla. Ya riƙe 'ya'yana duka, ya riƙe kanwa."

Ya ce ba a ƙulli a jirgi, sai abin da yatsa ɗaya zai buɗe. Magatakarda ya ruga ya dawo da wani guntun ɗamara mai bakin ƙarfe da ake ƙarawa. Aka haɗa, ya yi ƙas. Na ce ashe akwai irina da suka riga ni. Kabtin ya ce da yawa, har da manyan mutane.

Ya sake duba lissafinsa ya ce akwai ɗan wuri kaɗan, in zaɓi abin da zan riƙe a cinya. Na ce wa ɗana ya fasa kanwar. Ya ɗauko guduma ya buga, ya miƙo mini guntu kamar dunƙulen hannu, da ƙullin hulba. Su ma sai da aka ɗora su a mizani. Sukarin tsohuwar nan na gani a ƙasa, shi ya fi ci mini rai. Na ce wa ɗana ya mayar wa kowa nasa, ya ce jirgi ne ya ƙi, ba ni ba.

Fanka ta tashi, duk jirgin na kaɗawa kamar injin niƙa. Muka fara gudu. Muna gudu, muna gudu, ƙasa ta ƙi sakinmu. Ina hango ƙarshen titin yana matsowa, da katanga, da gidajen da ya nuna mini. Na riƙe kanwar da hannu biyu ina salati. Can na ji ƙarar ƙasa ta ɗauke, muka ɗaga a hankali, kamar ni in zan tashi daga tabarma.

Na leƙa. Ga tsakar gidajen mutane a ƙarƙashina, kusa ƙwarai. Gadajen igiya da ba a riga an shigar ba, wata mata tana shanya, ta ɗago kai tana kallonmu, har launin tob ɗinta na gani. Na tuna tulin da na bari a gindin rumfa. Na tuna yadda muka yi ta dariya da asuba muna sa wa kanwa hula.  Muka bi ta kan Soba, kogi ya yi ja da ruwan damina, gonakin Jazira suka shimfiɗu, inda na tsufa kafin in tsufa, amma ban iya kallonsu da daɗi ba. A haka har muka sauka.

Na tarar da yarinyar a kwance, leɓɓanta sun tsage, idanu sun faɗa. Ta gan ni ta ce, "Inna," ta kama tob ɗina ta ƙi saki. A kwalin da muka zo da shi akwai allurar da ma'aikacin lafiyar gonar yake jira, ya yi mata. Ni kuma na hura wuta na ɗora ruwa, na nemi gero wurin matan ma'aikata, na dama kunu da guntun kanwar nan, na dafa hulba. Na yi mata wanka, na yi wa jariri. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka, nono ya zo, yaron ya kama yana ja kamar ɗan maraƙi. Allurar ce ko kunun, ban tsaya tambaya ba. Kanwar ma ba ta ƙare ba har na baro, da saura.

Surukina ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa yana kallon ƙafafuna.

Na ce, "Kai ne ka ce iska za ta ɗauke ni?"

Ya ƙara sunkuyawa.

"Ɗago ka dube ni."

"Inna, a yi haƙuri."

"Na ce ɗago."

Ya ɗago kamar ana jan wuyansa da igiya, ya kai ido wajen gwiwata, ya mayar ƙasa da sauri.

Na ce, "To. In rani bai yi ba da jirgin nan zan koma. In Kabtin ya sake tambayarka, ka ce masa babba ce. Ba zagi ba ne. Ka ji ko?"

Ya ce, "To, Inna," yana kallon ƙasa. Daga cikin ɗaki na ji yarinyar tana dariya, tana riƙe ciki saboda ciwo.